Hannun Daman Kakana

Duk tarihin tuba na zuriyarmu a tafin hannu ɗaya yake. Kakana ya yi sarkin dambe a ƙasar Sakkwato tun Turawa suna baƙi, sannan ya tako har Makka a ƙasa, ya rantse ba zai ƙara dunƙule hannu ba. Haka muka taso muka ji.

Har yanzu ina ganinsa a ƙofar gidanmu na unguwar Jarwal a Makka, finjalin shayi na tiriri a buɗaɗɗen tafinsa, ko girgiza babu. Wani baƙo ya taɓa roƙonsa ya gwada naushi ɗaya. Kaka ya ce, "Haba Alhaji, a Harami?"

Jiya ɗana ya ce zai fara koyon dambe a unguwar Aziziyya. Na hana, na karanto masa rantsuwar, ya juya ya tafi abinsa. Na kasa zaune na kasa tsaye, na nufi wajen gwaggona neman goyon baya.

Na ce, "Allah Ya jiƙan Kaka, Ya sa hannun nan ya yi masa shaida."

Ta ce, "Amin, ya waladi, ɗana. Amma fa yatsun a karye suke tun Sakkwato. Ko ya so, ba sa lanƙwasuwa."