Shingen da Muka Yi wa Gauraka

Jiya jikata ta kawo mini littafinsu na makaranta, ta ɗora yatsa kan hoton wani tsuntsu mai dogayen ƙafafu da tukku ruwan zinariya, ta ce wai da gaske akwai shi ko zane ne kawai. Na ce mata gauraka ke nan. Ban ƙara mata komai ba, amma ku zan gaya muku saura.

A hannun kakata ta wajen uwa na tashi, a wani ƙauye gefen tafkin Kalmalo, tafiyar hantsi zuwa Illela. Sana'arta cirar bado. Idan ruwa ya cika a ƙarshen damina sai ta tattare zane ta shiga da ƙwarya, ni ina biye ina mitar taɓo da matsattsaku. Ita ba ta da yawan magana, ni kuwa bakina ba ya hutawa.

Takan ce lokacin tana amarya gauraki kan sauka a gonaki bayan girbi har su rufe ƙasa, su yi ta tsalle suna buɗe fukafukai. Ni ban ga wannan ba. A shekarar da aka samu 'yancin kai, ina 'yar shekara tara ko goma, biyu kacal suka rage a tafkinmu, mace da namiji. Attajirai sun mai da gauraka abin ado a tsakar gida, don haka maharba ke kwashe 'ya'yan tun suna ƙanana, wasu a sayar a gari, wasu a ƙetara da su Ƙonni.

Kakata kaɗai ta san inda biyun nan suka yi sheƙa. Wani tarin ciyawa ne a cikin ruwa iya gwiwa, dogayen ciyayi sun rufe shi, da ƙwai uku a kai. Ba ta taɓa nufar wurin kai tsaye ba. Idan da mutum kusa, baya take juya wa sheƙar. Ranar da ta nuna mini ma da haɓa ta nuna, ta ce in yi kamar ban gani ba. A lokacin na ɗauka rowa ce irin ta tsofaffi.

Sai zazzaɓi ya kwantar da ita. Na fita bado ni kaɗai, na ga sawun shanun makiyaya a taɓo, taku kaɗan tsakaninsu da sheƙar. Hankalina ya tashi. Da gudu na je wajen kawuna, manomi mai kyakkyawar zuciya, wanda duk ƙauyen ba mai shingen lambu kamar nasa. Na kwashe komai na gaya masa.

Ya aje fartanya ya ce, "To mi mu ka jira? Abin da duk a ka so, shinge a ka yi mai."

Ya saro ƙayar magarya, ni na yi ta ɗauka a ka, sawu uku, da rana tsaka, kowa na kallo. Muka kafa turaku a ruwa muka kewaye sheƙar tsaf. Gaurakin suka yi ta shawagi a kanmu suna kuka, da muka janye suka sauka. Na koma gida ina ji da kaina, na durƙusa gaban kakata na ba ta labari ina jiran a sa mini albarka.

Ta yunƙura ta zauna, ta dube ni.

"Ke ɗiya, mi kun ka yi? Wa yat taɓa ganin shinge cikin ruwa, inda ba a shibka komi ba? Kun hwaɗa ma duniya duka."

Washegari da jikin zazzaɓin ta shiga ruwa ta cire ƙayar da hannunta. Amma an riga an gani. Ta koma cirar bado a gefen da babu bado, don kawai idonta ya kasance a wurin. Ƙwan suka ƙyanƙyashe. Kwana biyu bayan haka aka yi rasuwa a Amarawa, dole ta je gaisuwa. Kafin la'asar an kwashe 'ya'yan duka ukun. Iyayen suka yi kwanaki suna kewaya tafkin suna kuka, sannan suka yi arewa, kuma ba su sake dawowa ba. Kakata ba ta dake ni ba, ba ta sake tayar da zancen ba. Na so a ce ta dake ni.

Da rani na je tallar bado Illela, na shiga gidan wani attajiri mai fataucin fata. A gindin rijiya na gan shi, ɗan gauraka, tukkunsa ya fara fitowa, an datse masa fiffike ɗaya. Matan gidan suka ce uku aka kawo, biyu suka mutu. Na sayar da badona na fito. Ya daɗe a gidan nan ƙwarai, har na yi aure na haihu yana nan, yana cin dawa da kaji, wani lokaci ya yi tsallensa shi kaɗai.

Yanzu tafkin ya ja baya, inda muke shiga ruwa iya ƙugu an mai da shi lambun albasa. Idan tsofaffi suka zauna aka tuna gauraka, sai ka ji an ce na ƙarshe da aka gani a ƙasar nan shi ne na gidan attajirin nan, Allah ya jiƙansa, shi ne ya san darajar tsuntsu. Nakan ce amin tare da kowa. Har yau ba wanda na gaya wa a cikinsu cewa ni na ɗauko ƙayar a kaina.