Abokina Direba da Baturensa Mai Jita

Shekarun baya, lokacin da nake sarin hatsi a Rijau ina kawowa Kontagora, akwai wani abokina direba da nake bin motarsa kusan kowane mako. Mutum ne mai shiru-shiru, ko a tasha ba ka jin muryarsa. Amma da zarar mun fita gari ya tura kaset, sai bakinsa ya buɗe.

Kaset ɗin na wani Bature ne mai kiɗan rok, irin wanda jita ke ƙara kamar injin niƙa ya lalace. A Legas abokina ya saye shi lokacin yana jan tirela. Ba ruwansa da waƙoƙin da mutumin ya yi suna da su cikin ƙungiyarsu. Waɗanda ya yi bayan ya rabu da abokan kiɗansa ya koma shi kaɗai, su ne abokina ke so.

Sai ka ji ya ce, "Mutumina, ka san wannan waƙar a ɗakin ajiyar gidansa ya naɗe ta? Shi ya buga ganga, shi ya kaɗa jita, shi ya yi wa kansa amshi." Can an jima ya ce ai bahago ne, sai da ya juya tsirkiyoyin jitar. Ko ya ce faifansa na farko ko 'yan gidansu ba su saya ba. Ni kuwa nawa "to" ne da "ikon Allah", rabi ina gyangyaɗi, rabi ina tunanin masarata.

Wata rana da damina motar ta kafe a laka kusa da Dukku. Tamfol ya yage, ruwa ya jiƙa min buhuna. Da ƙyar mutanen gari suka turo mu. Muna hawa titi, jikina duk taɓo, ya tura kaset ya ce, "Wannan kuma ranar da ya rubuta ta..."

Na ce, "Don Allah rufe min baki! Ina ruwana da Baturen nan? Shi ya san akwai wani gari Kontagora? Girma ya zo maka, kana ta shirme."

Ya zare kaset ɗin ya jefa a aljihun mota. Muka ci gaba da tafiye-tafiyenmu wata da watanni, bai ƙara kunna shi ba. Ba zan ɓoye muku ba, da farko har daɗin shirun na ji.

Da kaka ya daina fitowa, aka ce ciwon ƙoda ne. Na je duba shi bayan la'asar, na tarar ƙafafunsa sun kumbura, fuskar ma da ƙyar na gane ta. Na so in ba shi haƙuri, amma na kasa. Sai na ce, "Wai Baturen naka, daga baya ya koma wajen abokansa?"

Ya yi murmushi ya ce, "Labarin da tsawo. Bari in ɗan samu ƙarfi tukuna."

Kwana huɗu bayan nan Allah ya karɓi abinsa.

Da na shiga yi wa matarsa ta'aziyya, ta ce daga bayan labule, "Alhaji, abokinka ya ji daɗinka. Duk ranar da kuka dawo sai ya ce yau ya ba ka labari. Ya ce duk garin nan kai kaɗai ke saurarensa." Na sunkuyar da kai.

Daga baya 'yata ta bincika min mawaƙin a waya. Ashe yawancin abin da abokina yake faɗa min babu shi a ko'ina. Turancinsa bai taka kara ya karya ba. Hoton bayan kaset yake kallo, ya haɗa da abin da ya tsinta a Legas, sauran ya cike da abin da ke ransa.

Wannan ya fi komai yi min ciwo. Shekara da shekaru mutum yana zaune kusa da ni yana ba ni labarin wanda ya rage shi kaɗai, ban taɓa juyowa na tambaye shi, "Kai fa, lafiya kake?" ba. Asarar masarar nan na manta da ita tun a shekarar. Maganar da na faɗa masa a hanyar Dukku kuwa har yau tana nan, kuma babu wanda zan je wajensa in ce ya yafe min.

Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.