Ƙyallen Sauke Tukunya da Na Aika Bungudu

A kan babban yatsana na hagu akwai wani ɗan tabo wanda bai kai ƙwayar dawa girma ba. Jikokina sun sha tambayata asalinsa. Ni kuwa ba na son ba da labari rabi da rabi, saboda haka na ga ya fi dacewa in zauna in rubuta shi daga farkonsa zuwa ƙarshensa.

Mahaifina akawu ne a wurin gurzar auduga a Gusau, kuma shi ya sa ni a makarantar mishan, duk da maganganun dangi. Malamarmu ta aikin hannu Baturiya ce, doguwa, wadda ban taɓa ganin haƙorinta ba. A shekarar da motoci suka koma bin hannun dama, ina da shekara goma sha ɗaya, ta raba mana ƙananan masaƙu na katako, kowace kamar faɗin littafi, an jera ƙusoshi a gefunanta huɗu. Aikinmu shi ne saƙa ƙyallen sauke tukunya mai adon gidan dara: zare huɗu su hau, zare huɗu su sauka. Idan ta ƙirga ta tarar da uku ko biyar, sai ta kama bakin zaren ta warware saƙar gaba ɗaya. 'Yan ajinmu suna jin haushinta. Ni ban ji ba, domin a ganina gaskiya ce da ita.

Abu ɗaya ne ya dame ni. Zaren audugar da take ba mu yana da gudaji, nan kauri, can siranta, ko yaya ka ƙirga sai gidajen daran sun ɗan karkace. Ta sha faɗa mana cewa da auduga kaɗai ake wannan aiki, amma na ɗauka don araharta ne. Da aka kusa hutun ƙarshen shekara na roƙi mahaifina ya sayo mini zaren kanti, irin wanda ake saƙa hular jarirai da shi, ja da rawaya da kore, mai santsi da sheƙi, ko gudaji ɗaya babu. Na saƙa guda biyu a gida. Sau uku ina warware na biyun kafin ya yi daidai da na farko. Da na gama, ko ni da ba na yaba aikina na san babu abin gyara.

A makon ne surukar Gwaggo Asabe, ƙanwar mahaifina da ke aure a Bungudu, ta haihu. Gwaggo ita ce uwar girki a duk sha'anin unguwarsu. Na naɗe ƙyallayen a takarda, na ba wani direba da ya san gidanta, tare da saƙo cewa da su nake so ta sauke tukunyar miyar suna ranar Alhamis. Washegari aka kai ni hutu Tsafe, wurin kakata, Inna Tumba, wadda ta haifi mahaifina da Gwaggo.

Inna Tumba masaƙiya ce. Masaƙarta tana jingine da bangon ɗakinta, ta fi ni tsawo, a kanta take saƙa gwado. Ragowar abawa kuwa, wato zaren nan mai kauri da take kaɗawa da hannunta, da ita take saƙa abin sauke tukunya, ta ninka shi biyu ta ɗinke. Da an yi sallar magariba an ci tuwo, sai ta janyo guntayen itace daga murhu, ta ƙara musu kara, ta zauna da kwandon audugarta da mazarinta. Mu jikoki da 'ya'yan maƙwabta mu kewaye wutar, kowa ya cusa ƙafafu cikin zane saboda sanyin kaka. Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi suke buɗewa. Sai ta ce, “Na ɗaura zare, wa ka riƙe min baki nai?” Mu amsa, “Mun riƙe, Inna.” Idan ta kai ƙarshe ta ce, “Na yanke, na ƙulle,” daga nan kowa ya tashi. Muddin ba ta ƙulle ba, ba wanda yake motsawa.

Ranar Laraba na fito da masaƙata da ragowar zarena, don a gani. Ban tsaya a nan ba. Na ɗauko abin sauke tukunyarta da ke kan dutsen murhu, baƙi ƙirin, mai ratsin shuni, na ƙirga a gaban yara.

“Inna, ratsin nan bai daidaita ba. Nan zare biyar ne, nan kuma bakwai.”

“Awo, Malama,” in ji ta, ba ta ko ɗago ba. “Shekarata nawa da tukunyag ga, ba ta taɓa ƙirgawa ba. Miƙo naki in gani.”

Ta karɓi zaren, ta murza shi tsakanin yatsunta, ta shinshina, ta ɗan taɓa shi da harshe.

“Wanga ba gona anka haife shi ba.”

“Na kanti ne, Inna. Daga Turai aka kawo shi.”

“To, Allah shi ba baƙo lahiya. Ku matso. Na ɗaura zare.”

Tatsuniyar ta wannan rana ta Hannu da Tukunya ce. Wai a da can aminai ne, har ranar da Tukunya ta tare a gidan Wuta ta ɗauki halinta. Duk lokacin da Hannu ya zo gaishe ta sai ya koma da ƙuna. Suka yarda a nemo wanda zai riƙa shiga tsakaninsu. Ganye ya zo, ya yanƙwane tun daga bakin ƙofa. Fata ta zo, ta ƙanƙance ta yi wari, aka kore ta. Sai Abawa ta zo, gajera, mai gudaji a jiki, Hannu ya dube ta ya ce zai yi shawara. Ana cikin haka sai ga Kakin Zuma, ya sha rini ja da rawaya, jikinsa sumul, rana tana wasa a kansa. Hannu bai ƙara shawara da kowa ba.

A nan Inna ta rage murya, ta yi maganar Abawa: “Ni ban da kyau, Hannu, na sani. Amma ran da Wuta ta fi ƙarfina, sai na yi ƙauri na hwaɗa maka, ka samu ka aje. Tambayi wancan, shi mi zai yi?” Hannu bai tambaya ba. Ya rungumi Kaki, suka tafi gidan Wuta, suka ɗauki Tukunya cike da miya. Taku ɗaya, taku biyu, Kaki ya narke. Bai gudu ba, bai yi ƙauri ba. Ya manne wa Hannu, ya kai masa zafin Tukunya har ƙashi.

Na san da ni take. Abin da ba a taɓa yi mata ba shi na yi: na katse ta.

“Zarena ba kaki ba ne!”

“Ni ban ce ba, Malama. Ban san shi ba, shi ya sa ban ce ba. Ga mai gidan nan zaune, tambaye ta.” Ta nuna wutar da mazarinta.

Na yanki guntun zare ja, na miƙa bakinsa ga garwashi, ina jiran ya yi toka kamar kowane zare. Bai ko taɓa garwashin ba ya fara janyewa, ya dunƙule, ya zama baƙin ɗigo mai tafasa kamar kwalta. Ɗigon ya gangaro ya zauna a kan yatsana. Na yarfe, ya ƙi fita. Inna ta kama hannuna ta tsoma a ƙwaryar ruwa, yara suna dariya. Ni kuwa ba zafin ne ya sa na fashe da kuka ba.

“Inna, na saƙa guda biyu da shi. Na aika wa Gwaggo. Na ce ta sauke miyar suna da su.”

Ta ajiye mazarinta a ƙasa. Ban taɓa ganin ta ajiye shi ana tsakiyar hira ba.

“Yaushe na sunan?”

“Gobe.”

“Asabe,” in ji ta a hankali. “Asabe in ta ɗauki tukunya ba ta saki, ko hannunta na ci. Ranar suna kuwa ɗiyan mutane na nan ƙarƙashin ƙahwahunta.”

Ta sallami yara ba tare da ta ƙulle tatsuniyar ba. Suka tashi suna waige.

A wancan zamani babu hanyar aika saƙo da ta fi ƙafar mutum. Inna kuwa tun da aka juya hannun tuƙi ta yi rantsuwa ba za ta sake shiga mota ba, tana cewa direban da ya shekara ashirin yana bin hagu ba zai manta a wata takwas ba. Duk da haka, muna idar da sallar asuba ta ɗaura zanenta na fita, ta ƙulle abin sauke tukunyarta guda biyu a gefen gyale, ta ce in wuce gaba.

Mun samu babbar motar kaya mai zuwa Gusau, muka hau kan buhunan gero. Duk motar da ta tunkaro mu sai Inna ta runtse ido ta kama salati. Ni idona yana kan rana. Lokacin da muka wuce dutsen Kwatarkwashi na lissafa cewa an ɗora sanwa. A tashar Gusau muka zauna jiran motar Bungudu ta cika, na lissafa cewa an yanka rago, an kaɗa miya. Na yi ta ganin hannuwan Gwaggo a zuciyata, faffaɗa, masu lalle, waɗanda suka yi mini kitson sallah tun ina ƙarama. Inna ba ta yi mini faɗa ba ko sau ɗaya, kuma da ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Rana ta kusa tsaka muka isa. Tun daga zaure na ji ƙanshin miyar taushe. Na keta mata ba sallama, abin da ba tarbiyyata ba ce. Murhun tsakiya babu komai a kansa. Tukunyar tana ƙasa, an riga an sauke ta, Gwaggo tana tsugune tana zuba miya a kwanuka.

Na kama hannuwanta biyu na juya su. Lalle, gumi, ɗan man shanu. Ko ƙwarzane babu.

“Ke Saratu, lahiya? Duba kika koya a makarantar taku?” Sai ta hango Inna a bayana. “Inna! A mota? Wa ya rasu?”

“Ba kowa. Barka munka zo. Ina saƙon da ɗiyag ga ta aiko miki?”

Gwaggo ta goge hannu da wani tsohon tsumman buhu da ke kafaɗarta, ta ja mu ɗakinta. Can saman jeren kwanukanta, a kan murfin langa biyu mafi kyau, ga ƙyallayena a shimfiɗe, ja da rawaya da kore, ko ƙura ba ta taɓa su ba.

“Direba ya ce wai in sauke miya da su. Na ce kai dai ba ka ji daidai ba. Wa zai sa wannan a baƙin tukunya? Tun safe mata ke shigowa kallo. Na dai ce in an watse in ba maijego guda, ta riƙa ɗaukar butar ruwan zafi.”

Na zauna a bakin gado. Inna ta kwance gefen gyalenta ta miƙa wa Gwaggo nata guda biyu.

“Ki ba maijego waɗanga. Waɗancan na ado na, kada su kusanci wuta.”

Iyakar abin da ta faɗa ke nan, ta rufa mini asiri a gaban mata. Amma ban yarda a bar magana a haka ba. Na nuna wa Gwaggo yatsana, na gaya mata komai, na kuma nemi ƙusa da dutse na kafe ƙyallayen a bango da hannuna, inda sai an taka turmi za a kai gare su. Gwaggo ta yi dariya har da hawaye. Inna ta zauna a kan tabarma, ta miƙe ƙafafunta da suka kumbura, ta karɓi kwanon tuwo. Kafin ta kai loma ta dube ni ta ce, “To, Malama. Na yanke, na ƙulle.”

Daga baya na zama malamar aikin hannu, na kuma yi suna wajen tsanani, sunan da ban taɓa neman a cire mini ba. Har na bar aiki ina warware saƙar da ta karkace, kuma ban sauya ra'ayi ba cewa biyar da bakwai ba daidai ba ne. A wannan Inna ba ta da gaskiya. Abin da ya sauya shi ne wurin da nake farawa. A ranar farko ta kowane aji ba na raba masaƙa. Ashana nake kunnawa, kowace yarinya ta kawo zarenta mu ga yadda zai yi da wuta, sannan mu zo maganar ƙirga. Na daɗe kafin in gane cewa a wancan lokaci saƙar kawai nake kallo, ita kuwa Inna hannun da zai riƙe ta take kallo.

Wanda na ƙirga a gaban yara, shi ta ba ni ranar da zan koma Gusau. Na yi shekaru ina sauke tukunya da shi, har ya tsufa na adana shi a akwati. Lokaci lokaci nakan fito da shi in sake ƙirgawa. Nan biyar, nan bakwai. Yatsuna sukan yi ƙaiƙayi su warware shi. Sai in dubi tabon, in ninke shi, in mayar.