Awakin Marayu

Da wanmu ya rasu, matarsa ma ba ta daɗe ba ta bi shi, sai dangi suka zauna a kan 'ya'yansa uku. Wasu suka ce a rarraba su, kowa ya ɗauki ɗaya. Yayata, wadda ke aure a wani ƙauye a bakin kogi ta wajen Miga, ta gyara mayafinta ta ce, "Ai ba kayan gado ba ne da za a kasa. Ku haɗo min tufafinsu."

Lokacin ina koyarwa a Haɗeja. Da aka yi albashi, sai na ba wani mai babur ɗan ƙauyensu saƙo ya kai mata. Washegari ya dawo min da kuɗin ƙulle a leda, ga busasshen kifi a kai. Na kira ta a waya.

"Auta, ni 'yar aiki ce da za ka biya ni?" in ji ta. "Abin da muka ci, shi za su ci."

Na haƙura, don tun ina ƙarami ban iya musu da ita ba.

Da damina ta zagayo, kogi ya yi ambaliya, ya cinye musu shinkafa tun ba ta nuna ba. Na je jaje. Na tarar ta kwashe wa yara tuwo, ita kuma tana kankarar ƙanzo, wai ita dama shi ta fi so. Mijinta, dattijo ne masunci, ya ja ni gefe.

"Kai ne ba ka iya ba," ya ce. "In ka ce nata ne, ba za ta karɓa ba. Ka ce na yaran ne."

Ranar kasuwa na sayi awaki, na loda su a adaidaita sahu har ƙofar gidanta.

"Yaya, ga dukiyar marayu, ki riƙe musu amana."

Ta dube ni, ta dubi awakin. "Wa ya koya maka wannan wayon?"

Mijinta ya sunkuyar da kai yana ɗinkin komarsa ta kamun kifi, kamar bai ji ba. Ta yi dariya har da hawaye, ta aiki babbar yarinyar ta ɗauko igiya.

Tun daga nan duk wata nakan aika mata da kuɗin dusa. Ni da ita mun san awaki ba sa sa takalmin makaranta, amma ba wanda ya taɓa faɗa. In na kira, ƙarar awakin take fara kawo min, wai sun cinye mata zogale, sannan ta miƙa wa yaran waya mu gaisa.