Shekarar da Kakata ta Rege Yashi

Ko tsufa zai kwashe mini komai, ba na jin zai kwashe mini shekarar da kakata ta rege yashi saboda kifi. A ƙauyenmu ne, kusa da Malumfashi, 'yan shekaru bayan samun 'yancin kai.

Ƙanwata ce ta faɗo daga bishiyar kanya ta karye a ƙafa. Maɗori ya ɗaure, ya ce kada ta kuskura ta taka. Yarinyar da ba ta iya zama wuri ɗaya, sai ga ta kwance shiru, abinci ma sai an yi da gaske. Abin ya dame ni ƙwarai.

Ran nan ina dawowa daga gonar auduga na tarar da wani kududdufi ya kusa ƙafewa, 'ya'yan tarwada na ta mutsu-mutsu a ciki, ko ɗan yatsa ba su kai ba. Na kwaso su, na juye a tsohon kasko, na ajiye gefen tabarmarta. Na ce, "Naki ne. Ranar da kika miƙe, ke za ki kai su rafi da ƙafarki." Nan take ta tashi zaune.

To, wai don su ji kamar suna gida, na shimfiɗa musu laka a gindin kaskon. Dusar da muke ba su ta nutse ciki ta ruɓe, ruwa ya yi wari, wasu suka taso ciki sama. Na kwashe lakar na zuba yashin rafi, ruwa ya koma kamar kunu. Ƙanwata ta dube ni da hawaye. "Yaya, in suka mutu duka, ni ma ba zan tashi ba ke nan?"

Kakarmu na jin mu daga bakin ɗakinta. Ta ce, "Kai mijin nan nawa, girman banza! Wa ya taɓa ɗora hatsi bai rege ba? Miƙo ƙwarya."

Ta zauna ta shiga karkaɗa yashin cikin ruwa, tana tsiyaye ƙura da ciyayi, kamar mai shirin dafa shinkafa. Ta tsince tsakuwoyi masu kaifi, wai kada su yanki cikin kifi, ta bar masu sulɓi. Matan gida suka kewaye ta suna ta dariya. Ta ce, "Ku yi ta yi! Tun ina budurwa nake regaya ina zubar da tsakuwa, yau ga ni tsakuwar nake tattali. Jika bai yi ba!" Innarmu ta kawo toka wai a ƙara wankewa, kaka ta daka mata tsawa: "Kul! Tukunya ce?"

Aka shimfiɗa yashin kaɗan, ba da kauri ba. Ruwa ya kwanta garau, 'yan kifin suka bi ƙasa suna shinshinawa da gemunsu. Daga nan ƙanwata ta karɓe aikin. Bayan 'yan kwanaki sai ta ɗebi yashin a ƙoƙo ta rege, ta fitar da ragowar dusa, ta canja rabin ruwa. Ni kuwa na zama ɗan aikenta, in ɗebo ruwa, in kamo gara, kuma kullum sai na sha faɗa. Sai ga ta tana cinye tuwonta har da neman ƙari.

Ranar da aka kwance ɗorin, gidanmu kaf aka raka ta rafi. Tana ɗingishi, ƙwarya a hannu, ta hana kowa taya ta. Ta tsuguna bakin rafi ta karkata ƙwaryar, kifayen suka sulale. Ta juyo tana dariya, ni kuwa har da ƙwalla don murna. Kaka ta riƙe baki. "Duk wahalar nan, ko miya ɗaya ba za a yi mini ba?"

Tun daga lokacin na gane cewa sannu kaɗai ba ta tayar da mara lafiya. A ba shi abin da in bai tashi ya kula da shi ba zai mutu, sai a ga ikon Allah.