Baƙin Garin da Na Kusa Zubawa a Masai

Iyaye mata, ku kiyayi yanke hukunci kafin tambaya.

A ƙarshen shekarun casa'in, 'yata Hadiza ta zo hutu Haɗejiya daga jami'a. Ina binciken akwatinta kamar yadda na saba, sai ga 'yar kwalba da baƙin gari a ciki. Na ce asiri ne. Har na kai ƙofar masai, ta riƙe hannuna.

"Umma, don girman Allah, aikin shekara biyu ne. In ya zube, ba digiri."

"Wane boka ya ba ki?"

"Ni na haɗa shi. Ƙarfe biyu ne, nikel da tagulla, ƙwayoyinsu ido ba ya gani. In aka zuba kaɗan a man gyaɗa mai zafi, aka hura iskar haidurojin, sai man ya daskare kamar bota. Garin kuwa yana nan, bai ragu ba."

Na miƙa mata kwalbarta. Tagullar da na sani a munduwa, ashe Allah Ya ɓoye wannan a cikinta.

Akwai wadda ta taɓa yin irin kuskuren nan? Ni dai tun ranar na kafa doka: binciken akwati yana nan, amma ba a zubar da komai a gidana sai mai shi ya yi bayani.