Ƙauye Na Huɗu

Dachung mutumin Barkin Ladi ne, kuma shekara tara ya yi yana malamin hakimi kafin ya zo New York. Kowace unguwa, da mai unguwarta, da inda iyakar gonakinta ta tsaya, duk a cikin kansa suke. Yau shekararsa goma sha shida a Highbridge yana kula da tsofaffi a gidajensu, kullum yana hawan tudun unguwar yana haki, wai shi ɗan ƙasar duwatsu.

Ranar da ofis suka ba shi sunan sabon majinyaci, Tongdi, har sabuwar riga ya sa, don ya ɗauka mutumin Pankshin ne. Yana shiga ya tarar da wani siririn tsoho ɗan ƙasar Tailan, wanda shanyewar ɓarin jiki ta tafi da ɗan Turancin da ya tara.

Magana ɗaya tsohon ke yi. Sai ya kalli taga ya ce, "Mu si."

"To Baba, mu ci," in ji Dachung, yana mamakin inda ya tsinci Hausa. Ya zubo shinkafa. Tsoho ya ci don kunya, ya sake kallon taga. "Mu si." Aka yanko ayaba.

Mako uku ana haka, har Baba ya yi kumatu. Dachung ya rubuta a rahotonsa cewa tsohon yana manta ya ci abinci. 'Yarsa Malai ta karanta, hankalinta ya tashi, ta fara neman masa gidan tsofaffi, tunda ta ɗauka ƙwaƙwalwar ce ta tafi.

Ranar Asabar Malai ta zo da takardun gidan. Suna zaune, tsoho ya faɗi maganarsa, Dachung ya miƙe ya nufi kicin.

"Ina za ka?"

"Abinci yake so."

Da ya yi mata bayani, ta yi dariya har ta koma kuka. A wajensu, ta ce, gunduma ana raba ta ƙananan yankuna, kowane yanki kuma ƙauyukansa lamba ake ba su. "Mu" ƙauye, "si" huɗu. Mahaifinta shekara ashirin yana dagacin Ƙauye Na Huɗu.

Dachung ya zauna a hankali. Ashe dagaci yake ta ɗura wa ayaba!

Ya juya bayan takardar gidan tsofaffin, ya ciro biro, ya durƙusa yadda ake yi a gaban manya. "Ranka ya daɗe, ina kogi?" Malai ta fassara. Yatsan tsoho ya ja layi, biron Dachung na binsa. Ga gonakin shinkafa, ga wurin ibada, ga hanyar ofishin gunduma da damina ke yankewa. Ga inda ƙauyensa ya ɓalle daga Na Biyu da jama'a suka yi yawa, ga bishiyar da aka yi shekara uku ana rigimar iyaka a kanta. Ko gida ɗaya bai ɓace masa ba. Malai ta dubi taswirar, ta ce babu inda za a kai shi.

Sai tsoho ya turo wa Dachung sabuwar takarda, ya nuna shi da haɓa.

Dachung ya zana duwatsun garinsu, ya zana coci, ya zana tsohon ramin kuza. Da ya zo kan rafi, biro ya tsaya.

A tashar bas ya kira yayarsa a waya, can gida.

"Yaya Dokas, rafinmu, gabas yake da coci ko yamma?"

"Kai, malamin hakimi guda? Sai ka zo ka duba."

"Don Allah, Yaya."

Ya ji ƙarar ƙofa, da takunta a kan tsakuwa, da kukan akuya.

"Kada ka kashe wayar," ta ce. "Bari in kai ka."

Bas ta zo, ta wuce.